Wane Jirgin Kake Nufi, Mustafa?

Ka'akiyya, Makka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Mustafa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda ka buɗe ta, ko kana sama ko ka riga ka taka ƙasar Jamus. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin hanya. Ummanka ce za ta cusa maka ita a aljihun jaka, don na san in hannu da hannu na ba ka, cewa za ka yi "ɗayyib ya Abuya", wato to Baba, ka ninke, shi ke nan an wuce wurin. Kuma da gangan na rubuta da Hausa. Na san sai ka yi ta haɗa baƙi kamar ɗan aji biyu. To ka haɗa, dama so nake ka karanta a hankali.

Maganar da muka fara ranar Juma'a muna cin abinci ce ban gama ba. Ka nuna mini a wayarka cewa karatunka a Berlin yake, jirgin Jidda kuma daga Frankfurt yake tashi, kuma jarrabawarka ta ƙarshe tana gab da ƙarewar bizarka ta fita da dawowa. Ka ce ka samu dabara: akwai jirgin sama mai arha da zai ɗauke ka daga Berlin da safe, ka sauka Frankfurt, da la'asar ka hau na Jidda. Ka ce kana isa za ka yanki tikitin tun bai yi tsada ba. Na ce ka hau jirgin ƙasa, kuma ka tafi tun ana gobe. Ba ka yi mini musu ba, kai ba mai musu ba ne, amma na ga murmushin nan naka, wanda fassararsa ita ce me direban hanyar Jidda ya sani game da Turai. Ya ɗan taɓa ni, ba zan ɓoye maka ba.

Bari in fara da abin da ke hana ni sakewa. A unguwar Nakkasa aka haife ka, a gidan da yau ko tubalinsa babu. Larabcinka ya fi Hausarka, ƙafarka ba ta san wani gari ba sai Makka. Amma takarda ba ruwanta da wannan. A wurinta kai baƙo ne da ke zaune a ƙarƙashin iƙamata, wato takardar izinin zamana. Bizar nan da aka buga maka rana gare ta, kuma in ranar ta wuce kana waje, ƙofa ta rufe. Da shekarunka babu wanda zai sake rubuta ka a matsayin yaron da ke hannun ubansa. Sai dai Kano, wurin dangin da muryarsu kawai ka sani a waya. Ka ga yadda ɗan Malam Isiyaku maƙwabcinmu ya ƙare. Yanzu in yana son ganin uwarsa sai ya nemi bizar Umra kamar kowane baƙo, ya zo garin da aka haife shi ana ƙirga masa kwanaki. Ni ba na so in ga ka shigo gidan ubanka da ranar komawa a fasfonka.

To saurari abin da direban Jidda ya sani. Sau ɗaya na je ƙasar nan da za ka, kuma kurakuran da na tafka a tafiyar sun ishi mutum uku.

Kana ƙaramar sakandare lokacin, ba lalle ka riƙe ba. Baba Usman, mahaifin Faisal kafilina, wanda ya tsaya mini a takardar zama, tsohon nan mai kantin carbi da darduma a unguwar Jarwal, shi ne ya samu shanyewar ɓarin jiki. Da ya farfaɗo sai aka ga ikon Allah. Larabcin da ya yi ciniki da shi duk tsawon rayuwarsa ya zube ƙasa warwas, sai Hausar da ya sha a nonon uwarsa ta dawo masa tas. 'Ya'yansa kuwa in ka cire "sannu" da "ina kwana" da "tuwo", ba su da komai a ciki. Mutum yana kwance yana magana, 'ya'yan cikinsa sun kewaye shi suna kallon bakinsa kamar an kunna musu rediyon wata ƙasa. Da suka haɗa ƙarfi za su kai shi asibiti a Munich, sai Faisal ya ce dole in bi su, in zama bakin tsoho kuma in zama kunnen 'ya'yansa. Haka na tsinci kaina a Turai, ni da ban taɓa mafarkinta ba.

Bayan mun ɗan kwana biyu, likitocin suka ce akwai wani ƙwararre a Berlin da ya kamata ya duba shi. Faisal ya ce in tambayi tsoho ko zai iya tafiyar. Na tambaye shi, sai fuskarsa ta washe, abin da rabon da in gani tun muna Makka. Ya ce, "A sa ni a jirgi." Ni kuwa ko ɗar ban ji ba na juya na ce wa Faisal, Baba ya ce ɗayyara yake so, wato jirgin sama. Ai a bakina jirgi guda ɗaya ne. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jiran alhazai a filin jirgin Jidda, in ka ce masa jirgi, sama zai kalla. Faisal kuma kuɗin magani ya riga ya tatse shi, sai ya nemo wanda ya fi kowanne arha ya yanka mana.

Tun hantsi muka bar masauki, don an ce sai an riga jirgi zuwa da nisa. Tafiya ce mai kyau kafin ma a ga filin. Muka isa, aka ce jakar da za ta shiga cikin jirgi kuɗinta daban, sai Faisal ya ce kowa ya riƙe tasa a hannu. A cikin tawa akwai ɗan galan na Zamzam da muka taho da shi daga gida, wanda da shi tsoho yake haɗiye magani, in ba shi ba ba ya sha. Wurin bincike wata baturiya ta zaro shi, ta girgiza kai, ta nuna mini kwandon shara. Zamzam a kwandon shara, Mustafa! Na ce wallahi ba a gabana ba. Na buɗe, na ba Baba ya kurɓa, na ba Faisal, sauran na yi bisimilla na kafa kai. Layi ya tsaya cak, Turawa sun zuba mini ido, ni kuma ina ta ɗaɗɗaka har numfashina yana sarƙewa. Na miƙa mata galan ɗinta fayau. Abin da ya biyo baya a cikin jirgi, an kunna fitilar ɗaure ɗamara an hana kowa tashi, wannan ba na takarda ba ne, ka tambayi Faisal in kana son dariya.

Laifin ba na baturiyar ba ne, aikinta take yi. Ni ne ban tambaya ba. Irin wannan jirgin kujera kawai yake sayar maka, duk abin da ya wuce kujera, in ba ka nema tun da wuri ba, babu shi. Kai kuma na san ka, ba za ka dawo hannu biyu ba. Littattafai ne, rigar sanyi ce, tsarabar ƙannenka ce, ga abin da Ummanka za ta yi ta aiko maka da saƙonsa. Kafin a gama ɗora maka wannan da wancan, arhar da ka gani a waya ta tsere ta bar ka riƙe da jaka.

Muka wuce bincike, muka zauna jira. Lokacin tashi ya yi, allo ya canza, aka ƙara lokaci. Ya sake yi, aka sake ƙarawa. Babu wanda za ka kama ka tambaya. A nan na ga wani Bamisre, shi ya sa na fahimci abin da ke faruwa, don da Larabci yake kukansa. Yana da wani jirgin da zai kama a can gaba, na garinsu, kuma ya ga lokacin yana wuce shi yana zaune. Ya je ya roƙi na kan tebur, aka ce masa tikitinsa biyu ne daga wuri biyu, wannan bai san da wancan ba, in ya rasa na gaba asararsa ce shi kaɗai. Babban mutum mai furfura ya zauna a kan jakarsa ya dafe kai. Ranar Juma'a da kake nuna mini wayarka, fuskar mutumin nan nake gani. Shi ko ba komai kuɗi ya rasa, ƙasarsa tana nan tana jiransa. Kai ba kuɗi kaɗai za ka rasa ba.

Da aka kira mu sai na ga ashe babu wannan doguwar rumfar da ake bi a shiga jirgi. Waje aka fito da mu, cikin iska mai yanka kunne, ga jirgi can a tsaye da matakala. Ashe mai keken guragu sai an sanar da zuwansa tun wurin yankan tikiti, mu kuwa ba mu yi ba. Aka karɓe keken, ni da Faisal muka tallafi tsoho. A gindin matakalar ya ɗaga kai ya dubi abin tun daga hanci har wutsiya, sannan ya juyo ya dube ni.

"Sani, wannan ai ɗayyara ce. Na ce maka jirgi."

A nan na gane kuskurena. A bakin Baba Usman, na sama ɗayyara ne, na ruwa babur ne kamar yadda mutanen Sudan ke faɗa, jirgi kuwa guda ɗaya ne tak, mai tafiya a kan dogo. Hausarsa ta mutanen da ce, ta zamanin da in an ce jirgi ya iso, kowa tasha yake nufa. Ni aka ɗauko tun daga Makka don kalma, kuma a kan kalma ɗaya na sa tsoho mai ɓarin jiki hawa matakala a kafaɗunmu yana nishi. 

Saboda haka, ɗana, a tafiya kada ka ji kunyar sake tambaya. In an ce jirgi, ka ce wanne. In an ce filin jirgin gari kaza, ka ce wane filin, don wani garin biyu gare shi, wani filin ma sunan garin kawai ya ara, shi yana can cikin gonaki. Kuma kada ka auna tafiya da abin da aka rubuta a tikiti, wannan lokacin da kake sama ne kawai. Ka auna daga ƙofar ɗakinka zuwa ƙofar inda za ka. Mu an ce mana tafiyar ba ta kai zaman cin abinci ba, amma da hantsi muka fita, sai bayan magariba muka ga gado.

Ba zan ci amanar jirgin saman ba dai. Da ya keta hazo ya fito, na leƙa taga na ga gajimare shimfiɗe a ƙarƙashinmu kamar an baza auduga a shanya, rana tana zuba a kansa, can nesa ga kawunan duwatsu farare fat. Duk da marar da ta cika da Zamzam, sai da na yi tasbihi. Ɗan Adam da bai fi ƙarfin sauro ba, Allah ya hore masa wannan.

Da za mu koma Munich, Faisal ya ce in sake tambayar tsoho. Wannan karon na durƙusa na ce, Baba, na ƙasa ko na sama? Ya harare ni ya ce jirgi dai. Muka nufi tasha.

Kai, Mustafa, za ka gan ta da idonka, amma bari in riga ka. A tsakiyar gari take, motar haya ta sauke mu a bakin ƙofa. Rufinta gilashi ne gaba ɗaya. Jirage suna wucewa a saman kanka, wasu a ƙarƙashin ƙafarka, hawa kan hawa, kuma ba ka jin ihun kowa. Ni da na saba da tashar da sai ka yi faɗa kafin ka fitar da mota, tsayawa na yi baki buɗe har Faisal ya ja hannuna. Babu wanda ya buɗe jakata, babu wanda ya sa ni cire ɗamara. Wani ma'aikaci ya kawo abin ɗaga keke, aka shigar da tsoho yana zaune abinsa kamar ango. Jirgin ya tashi ban ma san ya tashi ba, sai da na ga ginshiƙan tasha suna ja da baya.

A bakin taga Baba Usman ya buɗe baki. Gonaki kore shar suna wucewa, shanu, koguna, ƙananan garuruwa masu jan rufi, shi kuma yana ba da labari ina juya wa Faisal. Ya ce uwarsa daga ƙasar Haɗeja ta taso da ƙafa da niyyar Hajji. A hanya ta yi aure, a hanya ta haife shi, a gonakin audugar Sudan ta yi shekaru tana tsinka don ta tara guzuri. Ranar da guzurin ya cika, ta ɗauke shi suka hau jirgi zuwa bakin teku. Ya ce abin da ya fara sani a duniya ke nan: yana kan cinyarta, hayaƙi yana shigowa ta taga, ita kuma tana kuka tana dariya, tana cewa dubi ƙasa tana tafiya da kanta, yau ƙafata ta huta. Faisal bai taɓa jin labarin nan ba. Ya san kakarsa Bahaushiya ce, iyakarsa ke nan. Ina fassarawa, shi kuma ya kawar da kai yana goge tabarau.

Sai shaiɗan ya kawo ni kuskure na gaba. Muka tsaya a wata tasha, na hango mai sayar da burodi a bakin dandamali, taku kaɗan daga ƙofa. Tsoho bai ci komai ba tun safe. Na ce bari in yi wuf in dawo. A raina, ai direba zai jira. Ni sau nawa na jira? Hajiya ta shiga bayi, Alhaji ya manta takalmi a masallaci, a tsaya a sayi dabino, duk ina zaune ina kaɗa ƙafa, don mota ba ta tafiya ta bar mutum. Ina karɓar canji na ji ƙit a bayana. Na juyo ƙofa ta rufe. Na ruga ina dukanta da burodi a hannu, jirgi ya zame sumul, na ga hular Baba ta wuce ta gabana. Idona ya raina fata. Ba fasfo, ba tikiti, ba Turanci, ba Jamusanci, kuma na bar tsoho da ɗan da ba ya jin maganarsa.

Allah ya taimake ni wayata tana aljihu. Faisal ya kira yana ihu, wai tsoho yana ta magana shi bai san me yake so ba, ko ciwon ne ya tashi. Na ce ya kara masa wayar a kunne. Sai na ji muryar Baba a natse.

"Sani, ka gaya wa yaron nan ya daina yi mini ihu a ka. Cewa na yi ya ƙara matsar da ni kusa da taga."

Wata ma'aikaciyar tasha ta ga halin da nake ciki, na miƙa mata wayar suka yi magana da Faisal. Ta yi ɗan rubutu a takarda ta ba ni, ta nuna mini inda zan tsaya. Ban gama cinye burodin baƙin ciki ba sai ga wani jirgin, shi ma Munich za shi. Na same su a tasha suna jirana, tsoho yana ta yi mini dariya da rabin bakinsa. A shekarar da ta biyo Allah ya karɓi abinsa, aka yi masa salla a Harami. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Abu biyu na koya a dandamalin nan. Na farko, jirgin ƙasa bai san ka ba, bai san ɗan wane ne kai ba, in ka sauka ka sauka. Kada ka fita sai inda za ka. Na biyu shi ne wanda nake so ka riƙe da hannu biyu: da na rasa wancan, wani ya zo. Hanyar da in ka yi kuskure tana da gyara, ita ake bi ranar da kuskure zai yi tsada. Ban ce shi ba ya makara ba, Faisal ya ce yana yi, har ya kan tsaya a daji ba dalili. Ban kuma ce kullum za ka samu mai tausayi irin matar nan ba. Shi ma tikitinsa iri-iri ne, mafi arha a ɗaure yake da jirgi ɗaya. Ka yanki wanda ake iya canzawa, ko da zai ɗan ƙona maka aljihu.

Kada ka ce tsohon labari ne. Watan jiya da kana Riyad wajen takardunka, na ɗauki Ummanka muka hau sabon jirgin ƙasan nan na Madina. Da farko ƙi na yi, don haushinsa nake ji, tun ana gininsa nake kallonsa a matsayin wanda ya zo ƙwace mini fasinja. Hanyar Madina kuwa babu kwanar da ban sani ba, babu gidan man da ban yi alwala a cikinsa ba. Muka zauna, Ummanka ta ajiye kofin shayi a kan ɗan tebur tana jiran ya zube, bai ko girgiza ba. Can na hango titin da na ƙare ƙarfina a kansa, manyan motoci a jere, wallahi kamar a ajiye suke. Na tuna wannan tafiyar ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta kwana da kwanaki a kan raƙumi cikin wannan ƙuna da waɗannan baƙaƙen duwatsu. Na tuna uwar Baba Usman da ƙafafunta. Ga ni ni Sani, ba don na fi su komai ba, ina zaune cikin sanyi ana nannaɗe mini ƙasa. Mun yi azahar a Makka, la'asar ta same mu a Masallacin Annabi. Hawaye suka zubo mini, Ummanka ta ce lafiya, na ce sanyin na'ura ne ya shiga mini ido, ta ce haka ne, direba.

Kada ka ɗauka na haramta maka jirgin sama mai arha. Ni wa? In hutu ne za ku yawon buɗe ido da abokai, garin yana da nisa ko akwai teku a tsakani, jakarka ɗaya a kafaɗa, kuma in kun makara ba abin da zai lalace sai cin abincin dare, hau abinka, ka leƙa taga ka yi tasbihi. Ka ga duniya, ɗana, ni ban samu na gan ta da ƙuruciya ba. Amma ranar dawowa gida ba ranar gwada arha ba ce. Kana ajiye alƙalamin jarrabawa ka ɗauki jakarka ka nufi tasha, kada ka tsaya walimar sallama. Na ji an ce jirgin ƙasa har cikin filin jirgin Frankfurt yake shiga, ka bincika ka tabbatar, kada ka dogara da jin direba. Ka kwana a garin, ko a ɗan ƙaramin masauki ne, gari ya waye maka kana kusa da jirginka. Kuma ka lura, ranar da ke kan bizarka da lissafin Hijira aka rubuta ta, can kuwa kalandar Turawa za ka riƙa gani ko'ina, watanmu kuma bai kai nasu tsawo ba. Ka juya ranar tun yanzu, ka sa wani ya sake juya maka.

Saura magana ɗaya, wadda ko Ummanka ba ta sani ba tukuna. Idona ya fara gajiya. Fitilun motoci suna rabe mini biyu, kuma Faisal ya lura. Ya ce in ajiye tuƙi in koma kanti in riƙa zama, iƙamata tana nan yadda take, ba abin da zai taɓa mu. Na gode masa, don ya yi halacci. Amma na roƙe shi abu ɗaya, ya bar mini makullin motar zuwa ƙarshen karatunka na bana, kuma na yi masa alkawarin ba zan tuƙa ba sai da rana. Ya tambaye ni dalili, na ce akwai fasinjan da nake jira.

Saboda haka duk wannan yabon jirgin ƙasa da na cika maka takarda da shi, iyakarsa Frankfurt. Na ji ana cewa za a kai tashar sabon jirgin har cikin filin Jidda. Ko an kai, ko kyauta ake hawa, kada ka kuskura ka taka shi. Ka fito ta ƙofar da alhazai ke fitowa, ka duba hagu wurin da direbobi ke tsayawa. Na ɗauko 'ya'yan mutane daga ƙofar nan iya rayuwata na kai su Makka. Kai nake so in rufe da shi.

Allah ya kai ka lafiya, ya ba ka abin da ka je nema, ya tsare maka sallarka da mutuncinka a ƙasar da ba a jin kiran salla. Ummanka tana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka tun ba ka tafi ba. Na ba Allah ajiyarka, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinsa. Ya dawo mana da kai cikin lokacinka, ina da sauran ganin hanya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Sani